Majalisar Dare a Ƙofar Kibo

Birnin Zazzau, tun zamanin da ganuwa ke kewaye da shi ana rufe ƙofofinsa da faɗuwar rana, gari ne wanda mutanensa suka san ƙimar haɗuwa wuri guda bayan an sauke wahalar yini. Kuma ko da yake a yau ba a rufe Ƙofar Kibo, haka ma Ƙofar Doka da Kuyambana da Gayan da Kona, ita kanta ganuwar ruwan sama da masu ɗibar ƙasa sun ci wani sashe mai yawa nata, al'adar nan ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ko a jera benci a gindin bishiya bayan sallar lisha ba ta gushe ba. Ita ce ake kira majalisa, kuma a nan unguwar da wuya ka sami magidanci wanda ba shi da tasa, wadda in ya kwana biyu bai leƙa ba sai a aiko yaro ya tambaya ko lafiya.

Wanda bai san yadda yini ke wucewa ga talakan birni ba, ba zai fahimci abin da ke jawo shi zuwa wannan zama ba. Ga maɗinki wanda ya duƙufa tun hantsi kan aikin aska a gaban babbar riga, sana'ar da aka san Zazzagawa da ita, har idonsa ya yi ja; ga direban keke wanda ya yini tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari yana lissafin kuɗin mai da abin da zai kai wa mai keken; ga malamin firamare, ga ƙaramin ma'aikacin Jami'ar Ahmadu Bello da ya taso daga Samaru ko Kongo, alhali wata bai yi nisa ba albashi ya ƙare. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar masarufi ta ƙara wa kowannensu nauyi, har ya zama mutum yana shiga gida da fargabar abin da za a ce ya ƙare. Irin wannan damuwa ba kowace ce ake gaya wa iyali ba, domin maigida yana jin nauyin a ga rauninsa, amma abokin da kuka yi makarantar allo tare, kuka sha bulalar malami ɗaya, ba abin da za ka ɓoye masa.

Yadda abin ke gudana kuwa, da an idar da salla sai a fara taruwa da ɗai-ɗai, kowa ya yi sallama ya nufi gurbinsa, don kowa yana da inda ya saba zama, kuma baƙo ne kaɗai ke kuskuren hawa wurin dattijo. A wasu majalisun kowane gida kan fito da kwanon tuwo a haɗa a ci tare, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ranar nan ya sa hannu ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai tambaya. Daga nan sai mai haɗa shayi ya jawo ɗan murhunsa na gawayi, ya fifita wuta, ya ɗora 'yar buta da ganyen shayi da sukari da na'ana'a, yana ɗaga ta sama yana zubawa cikin ƙaramin kofi yana mayarwa har kumfa ta taso, a sha na farko mai ɗaci, a sha na biyu, a ƙare da na uku mai zaƙi. Ba a gaggawa da wannan shayi, kuma jinkirinsa shi ne amfaninsa, gama kafin a kai ga na uku wanda ya zo fuska a murtuke ya riga ya saki jiki. In Allah ya buɗa wa wani a ranar, sai ya tura yaro wurin mai tukuba, a kawo tsire a naɗe cikin takarda, da albasa da yajin ƙuli, a buɗe a tsakiya.

Sai hira. Ana taɓa siyasa, ana taɓa farashin masara da taki, a yi musun ƙwallo, a maimaita abin da aka ji a sashen Hausa na BBC, wanda tun 1957 yake ba majalisun ƙasar Hausa abin tattaunawa. Can gefe wasu biyu sun haƙa gurabun dara talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, 'yan kallo na ba da shawarar da ba a nema ba. Idan akwai Bakano a wurin, to, ya shiga uku da tsokana, saboda wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi tsoho ne, shi ma kuma ba ya raga musu. A tsakiyar wannan raha ne za ka ji wani ya sassauta murya ya ce, “Malam, yarinyar nan fa jikin ya ƙi,” nan take dariya ta tsaya, wannan ya ce ya san wani a asibitin Shika, wancan ya laluba aljihu, dattijon wurin ya ce, “Allah ya ba ta lafiya, gobe da safe mu tafi tare.” A ganina wannan shi ne ƙashin bayan majalisa, kuma raha da shayin duk share fage ne gare shi, domin mutum ba ya iya buɗe cikinsa sai a inda ya saba yin dariya. Gudummawar biki da ta suna, da neman aiki ga yaron da ya gama karatu, da sulhun ma'aurata kafin magana ta kai gaban alƙali, da yawansu daga kan tabarmar nan suke tasowa.

Na san akwai masu ganin wannan zama zaman kashe wando ne, kuma ba za a ce ba su da hujja ko kaɗan ba, musamman a gari irin Zariya, inda zaurukan Unguwar Juma da Kona suka tarbiyyantar da mutane kan cewa lokaci amana ne. Gaskiya ne ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan lisha. Sai dai Imamu Buhari da ya kawo wannan, shi ne kuma ya ƙulla babuka kan hirar dare don ilmi da hira da iyali da baƙo, malamai kuwa suka bayyana cewa dalilin karhancin shi ne tsoron a makara sallar asuba ko a faɗa cikin lagawu. Haka nan ƙissar Hanzala da ke cikin Sahihu Muslim, sahabin da ya zargi kansa da munafunci don yana shagala idan ya koma cikin iyalinsa, aka kwantar masa da hankali cewa kowane hali yana da sa'arsa. Imamu Gazali ma a cikin Ihya ya yi bayanin cewa zuciya tana gajiya, kuma hutar da ita da halal taimako ne ga ibada. Sharuɗɗan dai su ne waɗanda aka gindaya wa masu zama a bakin hanya, wato runtse ido, da amsa sallama, da kame cuta, da umurni da alheri. Majalisar da ta koma cin naman mutane da ƙirga matan da ke wucewa, ko wadda ke riƙe maigida har tsakar dare matarsa na jira ita kaɗai da yara, wannan ta fita daga abin da nake yabo, kuma laifinta yana wuyan dattijon da ya ji ya yi shiru.

Abin lura ne cewa ƙasashen da suka fi mu dukiya yanzu suna neman irin abin nan da kuɗi da hukuma. A 2018 gwamnatin Ingila ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici, a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da gargaɗi cewa rashin cuɗanya da mutane yana cutar da lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa, a cikin shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti kan al'amarin. Mu da muka gāji maganin daga kakanni ya kamata mu san abin da ke hannunmu tun bai suɓuce ba.

Alamun suɓucewar kuwa sun fara bayyana. Wayar hannu ta shigo majalisa, har ka tarar da samari biyar a benci guda kowa ya sunkuyar da kai, ba mai ce wa wani uffan; amma wannan bai dame ni ba kamar yadda sabon gini ya dame ni, don waya ana iya sa ta aljihu. Gidan Bahaushe na dā, irin wanda magina jikokin Babban Gwani Muhammadu Durugu suka iya, yana da zaure a gaba da dakali a jikin bango, wurin da maigida ke karɓar jama'a ba tare da an keta hurumin iyalinsa ba. Yanzu idan aka rushe gidan ƙasa za a tayar da na bulo, abu na farko da ake sadaukarwa shi ne zauren, a mai da shi shago biyu na haya, a kafa ƙyauren ƙarfe, dakalin kuma a share shi. Ba na zargin mai gida da neman abin rufin asiri, amma ina roƙon masu gini a Ƙofar Kibo da sauran unguwannin birni, da masu unguwanni da ake shawarta kafin a aza tubali, su bar ko da taku huɗu ne a ƙofar gida, a yi dakali, a dasa darbejiya kusa da shi.