Bincike a kan Kwarin Komadugu da Matsalar Kalmomin Hausa: Misalin Geskeru

Kwarin Komadugu Yobe yana cikin wuraren da masu bincike suka yawaita rubutu a kansu a gabashin Nijar. Masana kimiyyar fiziya sun nemi dalilin ƙarancin ruwan sama, masana tattalin arziki sun auna amfanin ruwan kogi, masu nazarin zaman jama'a kuma sun bi diddigin dokokin da aka kafa wa mazauna wurin. Kusan dukan rubutun nan da Faransanci ko Ingilishi yake. Wannan maƙala za ta nuna cewa idan aka zo mayar da shi Hausa domin littattafan yaƙi da jahilci, sau da yawa kalma ɗaya takan haɗe abubuwan da bincike ya sha wahala kafin ya rarrabe su. Galibin manoman ƙaramar hukumar Geskeru Barebari ne masu karin Mobar, Hausa kuwa harshen kasuwa ce a gare su. Saboda haka duk abin da aka faɗa a nan yana bukatar a gwada shi da Barbarci.

Mu fara da kalmar fari. Bayan farin da ya tsananta a 1973, Jule Charney, masanin yanayi na Amurka, ya fito da wani ra'ayi a 1975. A ganinsa, idan dabbobi suka cinye ciyawa, farin yashin da ya bayyana yakan mayar da hasken rana sama fiye da ƙasa mai tsiro. Iskar da ke bisa wurin sai ta rasa ɗumi, ta riƙa saukowa maimakon tashi, hadari ya kasa haɗuwa, ciyawa ta ƙara mutuwa. Lissafin yana da kyau, amma da ya fita daga hannun masana sai ya koma gajeren hukunci: makiyaya ne suka jawo fari. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa sauyin ɗumin ruwan manyan tekuna shi ne babban abin da ke juya daminar Sahel, halin ƙasa kuwa ƙara wa abin ƙarfi yake yi kawai. Marubucin da ya sa “kiwo yana kawo fari” a littafin karatu ya haɗa lalacewar makiyaya, wadda ta tabbata, da ɗaukewar ruwan sama, wadda asalinta yana can cikin teku. A kwarin da manomi da makiyayi suke shan ruwa a gaɓa ɗaya, wannan jimla ba ƙaramar magana ba ce.

Kalmar ƙafewa ta fi wannan wuyar sha'ani. Ruwan saman Diffa wajen milimita 300 ne a shekara, alhali rana da iska suna iya ɗauke fiye da milimita 2,000 daga sararin ruwa. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya rabu gida biyu a 1973. Bahaushe yakan ce kogi ya ƙafe, tabki ya ƙafe, rijiya ta ƙafe. Amma ruwan da ya tashi sama ya tafi ke nan, wanda ya nutse cikin ƙasa kuwa ajiya ne, shi ne ake jawowa da injin ban ruwa bayan kogi ya ja baya. Muna ganin ya dace a tsayar da “tashin ruwa sama” ga na farko, “tsotsewar ruwa” ga na biyu, a bar ƙafewa ga abin da ido yake gani.

Wannan bambanci shi ne ya kai mu ga tattalin arziki. Ruwan da ke wucewa ta Geskeru zuwa Boso daga kogunan Haɗeja da Jama'are na Nijeriya yake fitowa, kuma an datse na Haɗeja da madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992. Masu tsara madatsu sun ɗauki ruwan da ke malala cikin fadama a matsayin asara. A farkon shekarun 1990 Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage suka ƙididdige abin da fadamar Haɗeja da Nguru take bayarwa na noma da kifi da itacen wuta, suka tarar cewa kowane ma'aunin ruwa ya fi amfani a fadama bisa ga yadda yake yi a aikin noman rani na Kogin Kano. Idan aka fassara sakamakon nan da kalmar riba an ɓata shi, domin riba a kunnen mai sauraro kuɗi ne da ya rage bayan ciniki, wani ɓangare na abin da suka ƙirga kuwa ba ya zuwa kasuwa. Amfani ita ce kalmar, kuma manomi ya riga masana saninta, tun da “amfanin gona” yake cewa.

Sai batun dokoki. Bayan harin Boko Haram a Diffa da Boso ranar 6 ga Fabarairu 2015, an kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur da kamun kifi da cinikin tattasai, aka taƙaita sayen takin zamani da man fetur, don a toshe wa mayaƙa hanyar samun kuɗi. Tattasai shi ne ake yi wa kirari da jan zinariyar Manga, kuma rahoton Oxfam na 2017 ya bayyana yadda hanin ya karya gidajen da suka dogara da shi. A shekarar ne aka ɗage haramcin cinikinsa. Dubban mutane sun bar gaɓar kogi sun zauna a gefen babbar hanya mai lamba 1. Takardun hukuma da na ƙungiyoyin agaji sun kasa su kashi uku: wanda ya ƙetaro daga Nijeriya, ɗan Nijar da ya dawo gida daga Nijeriya, da wanda ya bar ƙauyensa bai fita ƙasarsa ba. Hausar rediyo ta kira su duka ƴan gudun hijira. Amma matsayin kowane a gaban doka daban yake, haka nan ofishin da ke da alhakinsa, ga shi kuwa a wannan iyaka mutane da dama ba su da takardar haihuwa da za ta nuna ɓangaren da suke. Ana iya barin “ɗan gudun hijira” ga na farko, a ce “wanda ya dawo gida” da “wanda ya yi ƙaura a cikin ƙasa” ga sauran biyun.

Waɗannan shawarwari ba za su zauna ba sai an kai su azuzuwan manya a ji yadda ɗalibai suka fahimce su. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ita ce mafi kusa da filin wannan gwaji, kuma za a so a fara da kalmomin ruwa, domin ambaliyar 2019 da ta 2022 sun nuna cewa sanarwar cikar kogi ma tana bukatar kalmomin da aka daidaita a Hausa da Barbarci.