Gyaran gida kafin damina

Sabon Maci gari ne na ƙasar Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Yana bisa hanyar da ta tashi daga Maraɗi zuwa Dakoro. Mutanensa manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa. Yawancin gidajen garin da na ƙauyukan da ke kewaye da shi na ƙasa ne. Akwai shigifa mai rufin ƙasa, akwai kago mai jinka, akwai kuma ɗaki mai rufin kwano.

Ɗakin ƙasa yana da daɗin zama. Bangonsa mai kauri yana tare zafin rana da bazara, yana kuma riƙe ɗumi a lokacin ɗari. Ƙasar gini ba ta da tsada, kuma akwai magina a kowane gari. Amma ginin ƙasa yana da babban maƙiyi, shi ne ruwa. Gidan da ake gyarawa kowace shekara yana kai wa jikoki. Wanda aka yi wa sakaci kuwa, damina biyu ko uku sun isa su kayar da shi.

Abin da ya faru a 2024

A daminar 2024 an yi ruwa mai yawa a Nijar. Fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa. Waɗansu ruwa ne ya ci su, da yawa kuma ɗakuna ne suka faɗa musu. Jihar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe ranar 3 ga Satumba. Iyalai da yawa sun fake cikin azuzuwan makarantu, har aka ɗaga komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Ba kowace ɓarna ake iya hanawa ba. Amma sau da yawa ɗakin da ya faɗi ya daɗe yana nuna alama, ba a kula ba.

Duba gida

Lokacin gyara shi ne rani, bayan an kai amfanin gona rumbu. A lokacin mutane sun sami sarari, rana kuma tana busar da gini da kyau. Wanda ya jira har gajimare ya fara haɗuwa ya makara.

Mai gida yana fara zagaya gidansa a hankali. Wurare huɗu yake dubawa: rufi, da indararo, da fuskar bango, da gindin bango. Ya fi tsayawa a bangon gabas, domin a ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iska tana maka ruwa a wannan bango. Cikin ɗaki yana ɗaga kai ya dubi itatuwan rufi. Idan ya ga tabon ruwa, ko itace ya lanƙwasa, ko garin itace yana zubowa, ya san akwai aiki.

Tsaga iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda ba ta wuce yaɓe ba. Wannan cikewa kawai take so. Akwai babba, wadda ta ratsa bango tun daga sama har ƙasa, ko ta raba kusurwa biyu. Irin wannan sai magini ya gani. Kada a bar kowa ya kwana cikin ɗakin kafin a gyara shi.

Rufi da indararo

Ruwan da ke sauka bisa rufi yana da yawa ƙwarai. Milimita 1 na ruwan sama bisa fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, lita 1 ke nan. Shigifa mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, idan aka yi ruwan milimita 30, lita 600 ke zuba a kanta. Tano uku ke nan masu cin lita 200. Dole wannan ruwa ya sami hanyar sauka da sauri.

Saboda haka ana share rufi, a cire ciyawa da ganye da leda. Ana cike ramu da tsaga da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a daddaɓe. Ana yi wa rufin ɗan gangare zuwa bakin indararo. Indararo kuma ya zama dogo, yadda zai jefa ruwa nesa da bango. A inda ruwan ke faɗowa ana jera duwatsu ko fasassun tukwane, don kada ya haƙa rami.

Akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi. Kowace shekara suna ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa, ba su rage komai ba. Ƙasa mai kaurin santimita 5 bisa waccan shigifa ta kai nauyin kilo 1500. Idan ta sha ruwa, nauyin ya ƙaru. Wata rana itatuwa sai su gaza. Magini mai hankali yana kankare ƙasar da ta mutu kafin ya sa sabuwa.

Kago kuma jinkarsa ake dubawa. A cire ruɓaɓɓiyar ciyawa, a yi sabuwar baibaya, a ɗaure ta tam da igiya. Ɗaga jinka aikin gayya ne, shi ya sa Hausawa ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rufin kwano yana son a duba ƙusoshinsa, domin guguwar farkon damina tana kwashe wanda ya yi sako-sako.

Yaɓe

Yaɓe shi ne rigar bango. Shi ruwa ke fara ci kafin ya kai ga tubali. Ƙasar yankin Dakoro jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa, don haka ana ɗebo ƙasar gini daga fadama ko bakin tabki. Ga yadda ake gwada ta: a jiƙa kaɗan, a dunƙula, a ajiye a rana. Idan dunƙulen ya wargaje, rairayi ya yi yawa. Idan ya tsattsage, laka ta yi yawa, sai a ƙara rairayi. Wanda ya bushe da ƙarfi ba tsaga, shi ne mai kyau.

Ana haɗa ƙasar da ramno ko ƙaiƙayi, da kashin shanu ko na jakai. A zuba ruwa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana da yawa har ta ruɓa. Ciyawar tana riƙe ƙasa kamar yadda zare ke riƙe tufa. Kafin a yaɓa, ana kankare tsohon yaɓen da ya saki, a yayyafa wa bango ruwa don sabon ya kama. A yi shi siriri sau biyu ya fi a yi mai kauri sau ɗaya.

Maginan Hausa sun daɗe da sanin abubuwan da ke hana ruwa shiga bango. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Ana jiƙa ta, a kwaɓa ƙasa da ruwanta ko a shafe bango da shi. Akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina da gashin akuya da dafara. Ɗorawa ta fi yawa a kudu, saboda haka a arewa kashin shanu aka fi samu.

Waɗansu suna shafe bangon ƙasa da siminti. Yana da kyan gani, amma siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Idan ya tsage, ruwa yana shiga ta baya ya kasa fita, bango yana ruɓewa ba a gani. Mai irin wannan bango ya riƙa ƙwanƙwasa shi. Inda ya ji ƙara kamar ta ganga, simintin ya rabu da ƙasa.

Gindin bango da tsakar gida

Ɗaki ya fi faɗuwa ta gindi. Ruwan da ya kwanta jikin bango yana jiƙa tubalin ƙasa, ya yi laushi, nauyin sama ya danne shi. Maganin wannan shi ne a yi dakali ko a tara ƙasa a gindin bango, a daddaɓe ta da gangare zuwa waje. Kada a haƙa ramin ɗibar ƙasa kusa da ɗaki. Kada kuma a ɗaure awaki jikin bango, domin suna goga shi, fitsarinsu yana cin ƙasa.

Tsakar gida tana bukatar magudana da za ta fitar da ruwa zuwa waje, ba cikin gidan maƙwabci ba. Ana yashe ta kafin ruwan farko. Ruwan da ya kwanta cikin rami ko gwangwani ko tsohuwar taya, nan sauro ke haihuwa, shi kuwa sauro shi ke kawo zazzaɓi. Salga ta kasance da murfi, kuma nesa da rijiya kamar mita 30.

Gara da itacen gini

Maƙiyi na biyu shi ne gara. Tana bin bango a ɓoye har ta kai rufi. Duk inda aka ga hanyarta ta ƙasa jikin bango ko itace, a kankare nan take. Azara ta giginya tana jure gara, amma giginya ba ta da yawa a ƙasar Dakoro, kuma azara tana da tsada.

Akwai dabaru biyu da suka taimaka. Tun daga 1983 manoman jihar Maraɗi suka fara barin tohon kututture cikin gonakinsu. Suna zaɓen rassa masu ƙarfi, su sare sauran. Bayan ƴan shekaru suna samun sandunan gini da na darni ba tare da sun kashe itace ba. Dabara ta biyu ita ce gini ba itace. An fara gwada shi a Nijar a 1980, a garin Cikal na ƙasar Filinge. Ana jera ƙananan tubala a lanƙwashe har su haɗu a sama su zama rufi mai kama da kifaffiyar ƙwarya. Wannan aiki sai maginin da ya koye shi.

Adon gida

Hausawa suna cewa tun ran gini, ran zane. Ana yin zane tun yaɓe yana ɗanye. Magini yana fitar da dagi ko da'ira ko layuka da yatsunsa, musamman a ƙofar zaure. Gidajen Birnin Damagaram sun yi suna da irin wannan ado. A garin Yama na jihar Tawa, wani magini manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962. A 1986 masallacin ya sami babbar kyautar gine-gine ta Aga Khan. Da ƙasa da itace aka yi shi, irin waɗanda ake gina gidajen ƙauye da su.

Ado ba sai da kuɗi ba. Mata suna shafe cikin ɗaki da farar ƙasa, ɗaki ya yi haske. Suna ja wa gindin bango layi da jar ƙasa. Suna taruwa su yi daɓe, suna buga tsakuwa da maɗaɓi suna waƙa. Daɓe yana hana ƙura, yana da sauƙin shara, kunama kuma ba ta samun wurin ɓuya. Sabuwar zana ko darnin kara da aka ɗaure a miƙe yana ƙara wa gida kwarjini.

Garka cikin gida

Ko ƙaramin gida yana da kusurwar da za a yi garka. Ana kewaye ta da ƙaya ko kara saboda awaki da kaji. Zogale ya dace da ita, yana girma da sauri, ana cin ganyensa rani da damina. Ana shuka yakuwa da rama da kuɓewa da tumatir. Lalle yana yin shinge mai kyau, furensa yana da ƙamshi. Taki yana nan cikin gida: kashin dabbobi da toka da sharar tsakar gida, a tara su cikin rami har su ruɓe, ban da leda. Ruwan wanke hatsi da na alwala ya isa ban ruwan ƴan itatuwa.

Itacen inuwa, kamar dogon yaro, ana dasa shi nesa da ɗaki, kamar taki shida ko bakwai, don kada saiwarsa ta tsaga bango. A haƙa rami mai zurfin santimita 50, a zuba taki, a dasa bayan ruwa ya zauna. Tun 1975 ƴan Nijar suke dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta. Itacen da aka dasa a gida ya fi rayuwa, domin akwai mai ba shi ruwa kullum.

Aikin yara

Yara ma suna da nasu rabo. Suna ɗebo ruwa, su tattake ƙasa, su yashe magudana, su ba shuka ruwa. Hawa rufi aikin manya ne. Yaron da ya ga sabuwar tsaga, ko ya ji ƙasa tana zubowa daga rufi da dare, ya gaya wa iyayensa nan da nan, kowa ya fita daga ɗakin.

Sababbin kalmomi

Indararo: hanyar da ruwa ke bi ya sauko daga rufi.
Ramno: busasshiyar ciyawa da ake kwaɓa ƙasar gini da ita.
Azara: itacen giginya da aka tsaga don yin rufi.
Katsi: abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini.

Tambayoyi

1. Me ya sa bangon gabas ya fi lalacewa?
2. Waɗanne wurare huɗu mai gida ke dubawa da rani?
3. Wace illa ke cikin ƙara ƙasa bisa rufi kowace shekara?
4. Yaya ake gane ƙasar yaɓe mai kyau?

Lissafi

Rufin wani aji yana da tsawon mita 9 da faɗin mita 7. An yi ruwan milimita 20. Lita nawa ta zuba a kansa?

Aiki

Ku zagaya makarantarku tare da malaminku. Ku rubuta wuraren da ke bukatar gyara kafin damina.