Zafi, Sauro da Ruwan da Muke Ajiyewa a Gida

A Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni mun saba da lokutan sauro: ya ragu da bazara, ya dawo da ruwan fari, ya cika gari a Agusta da Satumba. Ɗumamar yanayi tana neman sauya wannan lissafi, kuma 'ya'yanmu ƙanana ne za su fara ɗanɗana sauyin.

Sauro ba shi da ɗumin jiki na kansa, zafin wurin da yake shi ke tafiyar da rayuwarsa. Macen ce kaɗai ke cizo, domin da jini ƙwanta ke ƙosawa, kuma takan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a kan ruwa lokaci guda. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi akan ɗauki kwana 10 zuwa 14, amma idan ruwan ya yi ɗumi mako guda ya isa. Ƙwayar zazzaɓin ma takan yi saurin nuna a cikinta. Sai dai abin yana da iyaka: cutar ta fi yaɗuwa a wajen digiri 25, kuma sama da 34 sai ta ja baya ƙwarai. Shi ya sa zafin Afrilu, da yake haura 40 a Kano, ke ba mu ɗan hutu.

Hutun nan ne muke tsoron rasawa. A 2020 an gano wani baƙon sauro, Anopheles stephensi, a jihar Gombe. Asalinsa daga Kudancin Asiya da yankin Larabawa ne, yana jure zafi, kuma ba ya jiran damina ko kududdufi. Tanki, duro da rijiyar da ba murfi sun wadatar da shi. A Jibuti, inda ya ɓulla a 2012, masu zazzaɓin sun tashi daga 27 a wannan shekara zuwa sama da 73,000 a 2020.

Mu kuwa, da famfo bai cika zuwa ba, rayuwarmu ta rataya ne a kan ruwan ajiya da jarkokin 'yan garuwa, kuma iya tsananin zafi iya yawan abin da muke tarawa. A ganinmu feshin kwata kaɗai ba zai isa ba. Duro da tankin gida, da na alwala a masallatai da Islamiyyu, suna bukatar murfi mai rufewa ruf, a kuma riƙa juye su ana wankewa duk mako, kafin tsutsar da ke ciki ta yi fiffike.