Kogin Kwara da Cinikin da Aka Ce na Kowa Ne

Tun kafin jirgin Bature ya shigo Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ciniki na gudana a kansa da kewayensa. Nufawa da Kakanda na jigilar kaya cikin kwale-kwale, fataken Hausa na ƙetarewa su nufi Gwanja sayen goro, tufafin Kano kuma na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Hatta kayan Turai na isowa Kano ta hamada, kamar yadda Heinrich Barth ya gani da idonsa a 1851. Abin da ya tsone wa 'yan kasuwar Ingila ido shi ne yawan hannuwan da kaya ke bi kafin su iso gare su. A bakin teku, mutanen Nembe da Bonny ne ke shiga cikin ƙasa su sayo manja, su ɗora ribarsu, Bature kuma na zaune a jirgi yana jira. Duk fafutukar kutsawa cikin kogin, tsallake waɗannan dillalai ce manufarta.

Hanyar ta ci rayuka. Mungo Park ya halaka a Busa a 1806, sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi ruwan har bakin teku. Macgregor Laird ya biyo baya da jirage masu hayaƙi a 1832, amma cikin Turawa 48 tara kaɗai suka tsira daga zazzaɓi. A 1854 William Baikie ya riƙa ba mutanensa kwinin, ya hau Binuwai ya dawo ba wanda ya mutu. Duk da haka Bature baƙo ne a lokacin. Da yardar Etsu Masaba na Nupe Baikie ya zauna a Lakwaja, kuma fadarsa ta Bidda ce ke faɗin wanda zai wuce arewa da abin da zai biya.

George Goldie ne ya juya al'amarin. A 1879 ya haɗe kamfanonin Ingila da ke gasa a kogin suka zama ɗaya, ya karya farashi har kamfanonin Faransa suka gaji suka sayar masa da rumfunansu a 1884. Taron Berlin na 1884 zuwa 1885 ya ayyana cewa jiragen kowace ƙasa na da 'yancin zirga-zirga a kogin. Ba a jima ba, a 1886, Birtaniya ta ba kamfanin Goldie takardar mulki da sunan Royal Niger Company, kuma takardar ta hana shi mamaye ciniki shi kaɗai. Goldie bai musa ba. Sai ya ɗora lasisi da harajin kaya masu nauyi, ya ƙayyade tashoshin da jirgi zai tsaya. Jirgin kowa na iya wucewa, amma in zai sauke kaya sai ya biya abokin gasarsa, wanda shi ne mai kwastan, shi ne alƙali, shi ne mai soja. Mutanen Nembe kuwa, da yake garinsu na wajen iyakar kamfanin, aka lasafta su baƙi a kasuwannin da kakanninsu suka ci, wanda ya shiga da kwale-kwale a kira shi ɗan fasa-ƙwauri. Da tura ta kai bango, Sarki Koko na Nembe ya far wa tashar kamfanin a Akassa a Janairun 1895. Sojan ruwan Birtaniya suka ƙone Nembe, sa'an nan binciken Sir John Kirk ya amince cewa kukansu na da tushe.

Wani zai ce ai Masaba da sarakunan bakin teku su ma tare hanya suke yi. Gaskiya ne, ba waliyyai ba ne. Amma a zamaninsu masu saye da yawa ne, mai manja ko man kaɗanya na iya ƙin tayin wannan ya jira na wancan, ribar dillanci kuma a cikin ƙasa take zama. Da mai saye ya zama ɗaya, farashi ya koma bakinsa. Wata hujjar ita ce yaƙi da bauta, kuma da ita kamfanin ya kafa dalilin kai wa Bidda da Ilori hari a 1897. Farautar bayi mugun abu ce, raguwarta alheri ne, sai dai gwamnatin mulkin mallaka ba ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wanda bauta ta hana shi barci ba ya jira kusan shekara arba'in.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, Birtaniya ta karɓi mulki daga kamfanin, ta biya shi fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Bayan shekara uku Kano da Sakkwato suka faɗa hannun sojan Birtaniya a ƙarƙashin Lugard. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ayarin hamada ya ƙara ja baya, gyaɗa da ƙiraga suka kama hanyar Ikko.