Kafin Fasinja Ya Hau: Yadda Aka Jarraba Sabon Jirgin Ƙasan Paris

Kowace safiya, ɗimbin ma'aikata mazauna garuruwan kewayen birnin Paris sun dogara ga jirgin ƙasa don isa wurin aiki. Cikin watan Janairu na shekara ta 2017, hukumar jiragen ƙasa ta Faransa, wato SNCF, ta ba kamfanonin Alstom da Bombardier aikin ƙera sababbin jirage da za su iya kai 255, aka raɗa musu suna RER NG. Amma ba su soma ɗaukar jama'a ba sai watan Nuwamba na 2023, bisa layin E.

To, ina waɗannan shekaru suka tafi? Annobar korona ta ci nata rabo, gwaji kuma ya ci nasa. Jiragen farko da suka fito daga masana'antun yankin Valenciennes ba tasha aka kai su ba. An tura wani Velim, ƙasar Cek, inda akwai layin dogo mai da'ira na kilomita 13, ya yi ta zagaye. A irin wannan wuri ake cika tarago da kaya masu nauyi maimakon mutane, a watsa ruwan sabulu bisa dogo don ya yi santsi, sannan a taka birki a auna nisan da jirgi zai yi kafin ya tsaya. A Viyana ta ƙasar Otiris kuwa, ɗaki ne ake shigar da jirgi a rufe, a sako masa ƙanƙara, ko zafin da ke iya kai digiri 60, wanda ko bazarar Tahoua ba ta kama ƙafarsa ba. Can ake ganin ko ƙofofi za su ƙage, ko na'urar sanyaya iska za ta gaza.

Wani zai ce ɓata lokaci ne. Mu dai muna ganin aibin da aka gano a jirgi guda ya fi sauƙin gyara bisa wanda ya bazu cikin ɗari biyu. Faransawa sun ɗanɗana: a 2014 ta bayyana cewa wasu sababbin jiragen jihohi sun yi wa tsofaffin tashoshi faɗi, sai da aka sassabe gefen dakali wajen 1,300, aikin da aka ƙiyasta kuɗinsa yuro miliyan 50, wato sama da miliyar 32 na sefa.

Layin D bai samu nasa RER NG ba sai ƙarshen 2024.