Wasan Kasuwa A Tsakar Gida: Makarantar Farko Ta Sanin Kuɗi



Duk wadda ke zaune a Kura, Bunkure ko Kadawa ta san yadda kuɗi ke yawo a lokacin rani. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman shinkafa, alkama da tumatir ya zama abin dogaro a yankinmu. Kwanduna na fita zuwa Kwanar Gafan, yara na biye da iyaye ko suna ɗauke da farantin talla. Abin tambaya shi ne, wa ya fara koya wa yaronki ma'anar kuɗin da ke shiga hannunsa? In ba ke ba ce, kasuwa za ta koya masa, kuma ba kullum take koyar da alheri ba.

Wata rana wata ɗalibata 'yar shekara takwas ta zo aji tana kuka, an karɓe mata canjin talla saboda ba ta iya lissafinsa ba, tana tsoron komawa gida. Tun daga ranar nake roƙon iyaye mata su yi wasan kasuwa da 'ya'yansu.

Shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Ki kawo gwangwani, mudu, tsakuwa a madadin tumatir, da yashi a madadin shinkafa. Ki yanka takarda ki rubuta 20, 50, 100 da 200. Sannan ki nuna masa kuɗin gaske: mai hoton Murtala naira 20 ce, mai hoton Sardauna naira 200. Yau shi ne mai kaya ke ce mai saye, gobe ku yi musaya. Ki yi tayi, ya ce albarka, ku daidaita, ya ƙirga canji da bakinsa.

A nan tarbiyya ke shiga. Idan ya tauye mudu, ki tuna masa da Suratul Muɗaffifin, wadda ta yi gargaɗi mai tsanani ga masu tauye awo. Idan ya jera manyan tumatir a sama ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ki gaya masa wannan algus ne, kuma Musulunci ya haramta shi. Wani lokaci ki ba shi canjin da ya wuce da gangan, ki ga ko zai dawo da shi. In ya dawo, ki sa masa albarka.

A ƙarshen wasa ku raba cinikin kashi uku: uwar kuɗi, na asusu, da na sadaka. Ki bayyana masa cewa ranar da tumatir ya cika kasuwa farashi kan faɗi, mai ajiya ne kaɗai ke samun sauƙi idan kaka ta wuce. Da haka yaro zai gane cewa riba daban, jari daban.

Uwargida, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Rabin awa a mako ya isa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ciyar da su halal, amin.