Bad Homburg: Lambun sarakunan Jamus da fari ya fara yi wa barazana

Ga ɗan Nijar ko ɗan Najeriya da ke zaune a Frankfurt, wanda rayuwarsa ta tsaya tsakanin wurin aiki da ɗakin haya, akwai wurin shan iska da bai fi tafiyar minti ashirin da 'yan kai ba a jirgin ƙasa mai lamba S5. Sunan garin Bad Homburg, a gindin tsaunukan Taunus na jihar Hessen. Ba a biyan ko sisi kafin a shiga manyan lambunansa biyu.

Kalmar "Bad" da ke gaban sunan tana nufin garin wanka da ruwan magani. Tun a ƙarni na 19 attajirai da sarakunan Turai suka riƙa zuwa nan su sha ruwan maɓuɓɓugai mai gishiri-gishiri da ɗanɗanon ƙarfe. Har yau ana iya ɗanɗana shi. Wanda ya saba da ruwan randa mai sanyi, da wuya ya ƙara kurɓa ta biyu.

Sai dai ba ruwan kaɗai ya gina garin ba, har da caca. A 1841 wasu 'yan'uwa Faransawa biyu, François da Louis Blanc, suka buɗe gidan caca, kuɗi suka riƙa kwarara, garin ya bunƙasa. A wannan zamanin ne aka ɗauko Peter Joseph Lenné, mai tsara lambunan sarakunan Prussia, ya zana babban lambun da ake kira Kurpark, wanda faɗinsa ya haura hekta 40. A cikinsa akwai rumfa mai ruwan zinariya da Sarki Chulalongkorn na Siyam, Tailan ta yau, ya bayar kyauta bayan ya zo jinya a 1907, da wata ƙaramar coci irin ginin Rasha, da filin wasan golf da ake lasaftawa cikin mafi tsufa a Jamus.

Lambu na biyu yana kewaye da fada. Farar hasumiyar da ke tsakar gidan, mai tsayin mita 48, ta girmi fadar kanta da ɗaruruwan shekaru. A nan Sarkin Jamus na ƙarshe, Wilhelm na Biyu, yake hutun bazara har zuwa 1918. Shi ne sarkin da a zamaninsa Jamus ke mulkin Togo da Kamaru, inda fatake Hausawa suka kafa zangonni. Gaban fadar akwai itacen sidar na Labanan da aka dasa wajen 1820, rassansa sun baje kamar tsohuwar tsamiyar bakin kasuwa.

To amma wannan inuwa ba ta da tabbas kamar yadda take a ido. Daga 2018 zuwa 2020 Jamus ta sha fari da zafin da ba ta saba da shi ba, dazuzzukan Taunus suka yi asarar itatuwa masu yawa saboda ƙishirwa da ƙwaro mai cin ɓawo. Wani bincike da Jami'ar Fasaha ta Berlin ta fitar a farkon 2024 kan lambunan tarihi 62 ya gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na itatuwan sun samu lahani, wasu ma sun mutu. Matsalar ita ce, lambun tarihi ba gona ba ne da za a canza iri a shekara guda. Idan itace mai shekara ɗari biyu ya faɗi, wanda aka dasa a madadinsa sai jikoki su ga girmansa. Shi ya sa masu kula da irin waɗannan wurare ke ta gwajin nau'o'in da ke jure ƙarancin ruwa.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga mutumin Sae Sabuwa ko Gazawa ko Agye. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin jihar Maradi sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, a yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. Dokar daji da aka gada daga Faransa ta mayar da itace mallakin gwamnati, saboda haka manomi bai ga amfanin renon abin da ba nasa ba. Daga 1983 Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara jan hankalin manoma kan kututturan da ke raye a ƙarƙashin ƙasa: a bar reshe ɗaya zuwa uku masu ƙarfi, a sassabe sauran. Abin da ake kira sassaben zamani ke nan. Da aka sassauta doka, manoma suka rungume shi da kansu. A ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye har kwamitocin tsaron itace aka kafa, da mata a ciki.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo ne sarkinsu, don yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma ba dabbobi abinci da rani. Ga kalgo, ga sabara, ga aduwa.

Inda Bad Homburg ta sha gaban garuruwanmu shi ne a cikin gari. Matashi a Maradi ko Tsibiri, idan zafin Afrilu ya haura maki 40, inuwar da yake samu ita ce ta dogon yaron bakin titi, kusa da mai shayi, cikin hayaƙin babura. Filayen da za su iya zama lambun jama'a kuwa, sau da yawa a yanka su fuloti kafin a ankara. Kurpark yana nan a tsakiyar gari tun fiye da shekara 160, a ɗaya daga cikin yankunan da fili ya fi tsada a Jamus, kuma ba a yanka shi an sayar ba.